Ƙanin mijina ya karɓi BVN ɗina, yanzu ni ake kira ɓarauniya

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina da 'ya'ya huɗu. Wajen wata biyar da suka wuce ƙanin mijina ya zo gida ya ce ana rubuta sunayen mata za a ba su tallafin jari. Ya karɓi takardar NIN ɗina da lambar BVN, ya ɗauki hoton fuskata da wayarsa, har yana cewa in ƙifta ido, in juya kai. Saƙonni suka shigo wayata, ya ce in karanto masa lambobin, na karanto. Tallafi dai shiru. Yau sati uku ke nan wasu mutane suna kirana dare da rana, wai na ci bashin Naira 140,000 a manhajoji biyu, kuma kuɗin sun shiga wani asusu mai sunana da ban san da shi ba. Sun tura wa dangin mijina hotona da rubutu cewa ni ɓarauniya ce. Na tambaye shi, ya rantse bai san komai ba. Maigidana yana aiki a wani gari, ban gaya masa ba. Uwar mijina ta ce in rufa asiri, kada in kai ɗanta gaban hukuma. Ina tunanin in sayar da 'yan kunnena in biya in huta. Me zan yi?

Wata 'yar uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk cikinta ba abin da ya tsaya mini a rai kamar 'yan kunnen nan. Don Allah kada ki sayar da su. Ranar da kika biya ko da Naira dubu daga aljihunki, kin ba mutanen nan abin da za su nuna su ce kin amsa bashin naki ne. Kuma hutun da kike nema ba zai samu ba, domin manhajoji biyu su ne waɗanda suka same ki kawo yanzu. Ba ki san ko akwai ta uku da ta huɗu ba, asusun da aka buɗe da sunanki kuma yana nan a buɗe, a hannun wani.

Ki daina cin kanki da cewa kin yi wauta. Mutumin da ya zo miki ba baƙo ba ne, a gidanki yake cin tuwo, kuma ya zo da kalmar da kowa ke jira a wannan zamani, wato tallafi. Malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka yi shekara talatin a ofis duk an yi musu irin wannan. Sai dai ina so ki gane ainihin abin da ya faru a tsakar gidanki ran nan, saboda da shi za ki kare kanki. Lambar BVN ita kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusun mutum. Aikinta tun da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fito da ita a 2014 shi ne ta nuna cewa wane shi ne wane a duk bankunan ƙasar. Manhajar da za ta buɗe asusu ko ta ba da bashi takan nemi abu uku: lambar shaida, fuskar mai lambar a raye, da lambar nan da ake turowa layin wayar da ke jingine da BVN. Ƙifta idon da ya sa ki yi da juya kai, shi ne gwajin da manhaja ke yi don ta tabbatar mutum ne a gaban kyamara, ba hoton fasfo aka ɗaga mata ba. Lambobin da kika karanto kuwa su ne sa hannunki. A cikin minti goma kin miƙa duka ukun, kina zaton fom ɗin tallafi ake cikewa.

Akwai wani abu a wasiƙarki da nake so ki sake dubawa da kyau. Kin ce dangin mijinki aka tura wa hotonki. Malaman makarantarku fa, sun samu? 'Yan uwanki na gidanku da ƙawayenki fa? Waɗannan manhajoji suna kwashe lambobin da ke cikin wayar da aka sauke su ne. In mutanenki ba su ga komai ba, sai dangin miji da abokan ƙanin nan, to manhajar ba a wayarki ta zauna ba, a wayar wani mai lambobin gidan mijinki ta zauna. Ki rubuta sunayen duk waɗanda saƙon ya je musu. Ba na cewa wannan ya isa a yanke wa mutum hukunci, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mai bincike zai so ganin wannan jerin.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya fi bashin ba ni tsoro. Asusu mai sunanki, da BVN ɗinki, da hoton fuskarki, yana hannun wanda ba ke ba. Masu damfara da masu karɓar kuɗin fansa ba sa amfani da asusunsu na gaskiya, irin wannan suke nema, na mace mai zaman gidanta wadda ba wanda zai zarga. A 2025 hukumar EFCC ta fito ta yi gargaɗi a kan samarin da ke bin mutane suna karɓar NIN da BVN da hoto a kan 'yan kuɗi kaɗan, su je su sayar. In wasu ƙazaman kuɗi suka bi ta asusun nan, ranar da aka zo bincike sunanki za a gani, ƙofar gidanki za a buga. A ranar, rantsuwa da kuka ba za su yi miki aikin da takarda ɗaya mai hatimi da kwanan wata za ta yi ba, takardar da ke nuna cewa tun kafin a zo nemanki ke da kanki kika je kika ce ban san wannan asusu ba. Shirun da Hajiya, uwar mijinki, take so ki yi, shi ne zai hana ki samun wannan takarda.

Saboda haka daren yau ki kira maigidanki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hotonki yana yawo a wayoyin 'yan uwansa, gobe ko jibi wani zai tura masa, kuma in ya ji daga bakin wani, tambayar farko da zai yi ita ce me ya sa kika ɓoye. Ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, daki-daki. Kada ki ce ƙaninka ɓarawo ne. Ki ce ga abin da ya karɓa, ga ranar, ga abin da ya biyo baya. Ki bar shi ya haɗa lissafin da kansa.

Sannan ki samo sabon littafi, irin na 'yan makarantarki, ki keɓe shi don wannan magana kaɗai. Ki rubuta ranar da ya zo, wa da wa ke gida, me ya ce. Ki koma cikin saƙonnin wayarki na watan, in ba ki goge ba za ki tarar da lambobin nan da kika karanto, da sunan kamfanin da ya turo su, da lokaci. Ki ɗauki hotonsu. Duk kiran da ya shigo ki rubuta lamba da lokaci, duk saƙon zagi ki adana, ki roƙi dangi su turo miki abin da aka aika musu. Na san zuciya tana so a goge abin kunya, amma waɗannan su ne shaidunki. In sun sake kira kada ki yi faɗa, kada ki yi magiya. Ki tambaye su sunan kamfaninsu, ranar da aka ba da bashin, da banki da lambar asusun da aka zuba kuɗin. Ki ce ba ke kika karɓa ba, kin kai rahoto, su aiko miki komai a rubuce. Ki kashe wayarki.

Da lambar asusun a hannu, sai ki rubuta wa bankin ko kamfanin da ke riƙe da shi cewa an buɗe shi ba da saninki ba, su toshe shi, su adana bayanan wanda ya buɗe da duk shige da ficen kuɗin da aka yi. Toshewa za ki nema da farko, domin bayanan da ke ciki su ne za su nuna inda kuɗin suka tafi. Ki kai wa bankinki na albashi irin wannan wasiƙa, ki sanar da su bayanan BVN ɗinki sun fita, ki canza duk lambobin sirrinki, na kati da na tura kuɗi, ki kuma tabbatar lambar wayar da ke kan BVN ɗin har yanzu taki ce. Kowace wasiƙa ki yi ta biyu, su karɓi ɗaya, su buga hatimi da kwanan wata a ɗayar su ba ki, su kuma ba ki lambar ƙorafi. Kada ki yarda da “za mu duba” ta fatar baki. Na sha ganin mutum ya yi wata uku yana sintiri a banki, ranar da magana ta yi zafi a ce ba a taɓa ganin ƙorafinsa ba. In sati biyu suka wuce ba su yi komai ba, ki kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ki haɗa da takardar nan mai hatimi. Su ma abin da za su fara tambaya ke nan: kin kai wa bankin tukuna?

Ki je ofishin 'yan sanda ki ba da rahoto, ki karɓi takardar shaidar cewa kin bayar, sannan ki je kotu ki yi takardar rantsuwa cewa ba ki buɗe asusun ba, ba ki nemi bashin ba, ba ki ci ko kwabo ba. Ki tafi da maigidanki ko yayanki. A nan ina so ki saurare ni sosai, domin akwai masu ba da shawarar a ce wai an sace waya ne, ko ban san yadda aka samu bayanaina ba. Kada ki yi. Kamfanin yana da hoton fuskarki kina ƙifta ido, yana da shaidar cewa an tura lamba layinki kuma an shigar da ita. In kika ce ba ki san komai ba, su fito da hoton, kin zama maƙaryaciya a kan rantsuwa, duk sauran maganarki ta zube. Gaskiyarki ta ishe ki: an yaudare ni da sunan tallafi, na bayar ba tare da na san abin da za a yi da su ba. Yin amfani da shaidar wani don damfara laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 22, kuma akwai ɗauri a kai. In 'yan sanda suka yi sanyi, EFCC tana da ofishi a Kaduna, ba nisa da ke.

Su kuwa masu tura hotonki, ko da a ce ke kika ci bashin, ba su da hurumin yin abin da suka yi. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta daɗe tana fama da masu irin wannan hali, tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta manhaja yin rajista da ita, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da hukumarta, NDPC. Ki kai musu ƙorafi duka biyun ta shafukansu na intanet, ki haɗa da hotunan saƙonnin. In abin ya yi miki wuya ki sa wani malami a makarantarku da kika yarda da shi ya zauna da ke ku cike tare. Ga dangi kuma, saƙo ɗaya gajere ya isa: an yi amfani da bayanaina an ci bashi ba da sanina ba, magana tana hannun hukuma, kada kowa ya biya ko ya amsa musu. Ba sai kin bi gida-gida kina wanke kanki ba.

Sauran bashin da ba ki sani ba fa? Akwai kamfanoni uku masu lasisi da ke tara tarihin bashin mutane a Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba ki damar karɓar rahotonki kyauta sau ɗaya a shekara. Ki nema daga dukansu, domin wani mai ba da bashin yana kai rahoto ga wannan, bai kai ga wancan ba. Duk bashin da kika gani ba naki ba, ki ƙalubalance shi a rubuce da takardar 'yan sanda da ta rantsuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Baƙin suna a rahoton yana iya hana ki bashin gaskiya ranar da kike buƙata, kuma tun 2020 CBN ya fito da tsarin da banki zai iya bin BVN ya cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum a wani bankin. Ki kuma leƙa ofisoshin kamfanonin layi da takardar NIN ɗinki, ki ce su duba layukan da aka yi wa rajista da ita. Wanda ba ki sani ba, a cire shi. In wani kamfanin ya yi biris, hukumar sadarwa ta NCC tana karɓar ƙorafi a 622, kyauta.

To sai maganar Hajiya, wadda na san ita ce ta hana ki barci fiye da duk waɗannan. Ba na ganin laifinta. Uwa ce, tana ganin ɗanta a bakin rami. Amma abin da take nema a wurinki shi ne ki ɗauki sunan ɓarauniya ki rataya a wuyanki don a tsira da sunan wani, alhali ke ma 'yar wasu ce, kina da 'ya'ya huɗu da za su tashi su ji abin da aka ce da uwarsu, kina kuma tsayawa gaban yara kullum da safe. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma a nan asirinki ne aka tona, kuma shirunki ba zai rufe shi ba. Addininmu da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. In yaron nan ya ga an sayar da zinare an biya, an yi shiru, gobe wata matar zai je wa da fom ɗin tallafi.

Ni a ganina ki raba abin biyu. Wasiƙun banki, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ba abin da za a zauna a yi ciniki a kansu ba ne, kuma ba za su jira zaman dangi ba. A rahoton za ki faɗi wanda ya karɓi bayananki, domin shi ne abin da ya faru. Abin da zai biyo baya kuwa, akwai wurin sulhu. Maigidanki ya zaunar da ƙaninsa gaban manya biyu ko uku na gidan. In ya amsa, ya rubuta da hannunsa cewa shi ya buɗe asusun, shi ya karɓi kuɗin, ya sa hannu, shaidu su sa. Ya biya daga nasa asusun, kuma kamfanin ya ba da takardar cewa babu bashi a kanki. Kada kuɗin su bi ta hannunki ko ta asusunki. Yana yiwuwa kuma shi ma ɗan aike ne, ya tattara bayanai ya miƙa wa wani a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bai san har bashi za a ci ba. In haka ne, mafitarsa ita ce ya faɗi wanda ya ba wa, tun kafin a zo a tambaye shi ta wata hanyar. Ki kuma tambayi facalolinki da maƙwabta a hankali ko ya rubuta sunayensu ran nan. Da wuya a ce ke kaɗai ce, kuma wata tana can ba ta san an buɗe asusu da sunanta ba.

Idan za ki je wurin Hajiya, ki je da ladabinki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: Hajiya, ban kai ƙarar kowa don a ɗaure shi ba, na je ne in cire sunana daga abin da ban yi ba, in kuma ya faɗi gaskiya da wuri, abin zai zo masa da sauƙi. Ko ta yi fushi yau, ki yi haƙuri da fushin.

BVN da NIN ba a canza su, lamba ɗaya ce mutum yake da ita har ƙarshen rayuwa, don haka waɗanda suka fita sun fita. Abin da ya rage a hannunki shi ne fuskarki da layinki. Lambar da aka turo wayarki ba ta da mai ji sai ke, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko ya karanto miki sunanki da ranar haihuwarki daidai. Waɗannan yanzu ba sirri ba ne. Ki sa wa layinki lambar sirri ta cikin saitin waya, ki adana kwalin layin saboda lambar PUK da ke jiki, don in aka yi kuskure sau uku ita ce ke buɗewa. Wata gwaggota an zare mata waya a adaidaita sahu ranar wata Juma'a da yamma, ta ce bari sai Litinin ta je a yi mata welkam bak, wato a dawo mata da lambarta a sabon layi. Kafin Litinin an cire layin an sa a wata waya, an kwashe kuɗin adashen mata goma sha biyu da ke hannunta. Na ga yadda ta zauna a tabarma tana lissafa sunayensu da yatsu, ba ta ma iya kuka ba. Da layin yana da lambar sirri, ko da ta san lambar toshe asusun da kowane banki ke da ita, wadda ake dannawa daga wayar kowa, da abin bai kai haka ba. Ki tambayi bankinki tasu, ki rubuta a bangon littafin nan. WhatsApp ɗinki ma ki sa masa kulle na biyu, mai lamba shida.

Takardu kuma ki riƙa lura da inda suke kwana. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a takarda, ina buɗewa sai ga hoton wata mata da cikakken sunanta da NIN da lambar wayarta, mai ya jiƙa rabin fuskar. Wani ofishi ne ko shagon kwafi ya zubar. Tun ranar, duk kwafin da zan bayar sai na rubuta a kansa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, kuma ba na barin wanda ya lalace a shago. Ko ɗan gida ne ya zo da maganar tallafi, ki ce ya gaya miki sunan hukumar da ofishinta, za ki je da ƙafarki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gobe da safe ki nemi izinin rabin yini a makaranta, ki fara da bankin da asusun yake. Idan rahoton bashin ya fito ki sake rubuto mini abin da kika gani a ciki, da yadda kuka yi da maigidanki, mu duba abin da ya saura. Allah Ya wanke ki, Ya ba ki ƙarfin zuciya.